Kalangun Baba Ilu a Cikin Akwati

Kwanakin baya wasu samari suka zo shagona a Karaye neman hayar lasifika. Ɗayansu yana riƙe da waya yana dannawa, tana fitar da wani sauti da ya ce wai kalangu ne. Ya dube ni ya ce, "Baba Sule, ashe wannan ne aikin da ake cewa kun sha wuya a kansa? Ai dannawa ce kawai." Sauran suka bushe da dariya. Ban tanka masa ba, don akwai mai jiran in gyara masa amsakuwwa. Amsar ce nake rubutawa yanzu, kuma zan bi ta daki-daki, don ba na son magana a hargitse.

Da farko ku san gidan da na fito. Gidanmu na makaɗan kalangu ne, kalangu kuwa na mahauta ne. Ranar kasuwa makaɗi zai tsaya kusa da rumfar fawa ya yi ta kiɗa, mutane su ji su san an yi yanka. Kowane babban mahauci yana da takensa, wato ɗan gajeren kirarin da kalangu ke faɗa da sunansa da na ubansa. Idan ya ji shi, ko yana tsakiyar fiɗa ne sai ya ɗaga wuƙa sama. In kasuwa ta tashi a yanko wa makaɗi namansa. Biki ko suna a gidan mahauci ba a gayyatarmu, zuwa kawai muke yi, don wurinmu ne. Daga Karaye zuwa Kafin Dafga, har Rogo da ƙauyukanta, mahautan nan duk na ƙanen mahaifina ne, Baba Ilu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya bar ni na gama firamare, sannan ya ce karatun boko ya isa haka, a zo a yi na gado.

Aikin farko da ya ba ni ba kiɗa ba ne. Fata ce. Na jiƙa, na kankare gashi, na murza tsarkiya, wato igiyoyin fatar da ke ɗaure bakin kalangu biyu, har tafin hannuna ya yi kanta. Aiki na biyu wuta ce, kuma ku riƙe wannan da kyau. Da damina fata tana shan sanyi, muryar kalangu ta dushe, ka buga ka ji kamar tabarma kake duka. Maganinsa shi ne a kunna karan dawa, a jira harshen wutar ya kwanta ya bar garwashi, a riƙe kalangun daga gefe ana juyawa a hankali, ana taɓawa da bayan hannu. In ya yi ɗumi a buga a saurara, in bai farka ba a ƙara. Baba yana cewa duk abin kiɗan da ya sha sanyi, wuta yake nema. A ƙananan wurare ni nake yi. In babban taro ne bai yarda da hannun kowa ba, da kansa yake zama gaban garwashin.

Daga nan aka ba ni ɗan karɓi, ƙaramin kalangun da ke riƙe wa babba lokaci. Wannan na iya shi. Babban kalangu ne ya gagare ni. Shi ba da gula, wato sandar kiɗa, kaɗai ake kaɗa shi ba. Hannun dama na duka, amma maganar tana hammatar hagu: ka matse tsarkiya murya ta hau, ka saki ta sauka, da haka yake kiran sunan mutum. Na yi ta fama. Wata rana a kasuwar Karaye Baba ya miƙo min shi ya ce in yi taken wani mahauci da ake kira Ɗan'azumi. Na yi har sau nawa, mutumin yana ta sara ƙashi bai ko juyo ba. Da muka koma gida Baba ya ce, "Sule, yatsu kana da su, lokaci kana da shi. Amma hammatarka kurma ce." Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma gaskiya ce. Wanda ya gaji hammatar shi ne ɗansa Garba, shi kuwa ya bi motar kaya zuwa Ikko bai ƙara waiwayar kalangu ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin abubuwa biyu suka haɗu mana. Baba ya faɗi da ciwon shanyewar jiki. Ya tashi, baki ya dawo, ƙafa ta dawo, hannun hagu bai dawo ba. A daidai wannan lokacin kuma kaset ya cika rumfunan shayi, yara daga Kano suka fara shigowa ƙauyuka da fiyano mai kiɗa da kanta. Muka zauna gida, ga kalangu a rataye, ga wanda ya iya shi ba hannu, ga mai hannu bai iya ba. Mahauta suka yi mana kara na wani lokaci. Kara kuwa ba ta ɗorewa.

Na sayar da shanun huɗar da na gada na tafi Sabon Gari a Kano. Yanzu ku saurari yadda ake zaɓen kayan aiki, don ku abin da ya fi ƙara kuke saye. Mai shagon da na shiga yawancin cinikinsa da masu coci ne. Ya jawo min fiyano mai sheƙi, ya danna wuri ɗaya, sai ga ganga da jita suna ta tafiya ba mai taɓa su.

Ya ce, "Malam, wannan ita 'yan biki suke saya. Ko barci kake za ta yi maka aiki."

Na ce, "Tana iya cewa Ɗan'azumi?"

Ya ce, "Waye kuma Ɗan'azumi?"

Na yi masa bayani. Sai ya shiga ciki ya fito da wani baƙin akwati, faɗinsa bai fi faifan tuwo biyu ba, duk ƙura. Ba shi da madannan fiyano ko ɗaya, sai 'yan maɓallai da ɗan gilashi mai nuna rubutu. Ya ce wani coci ne suka dawo da shi, wai ba ya yin komai sai an koya masa. Shi ba a ajiye sauti a cikinsa a ce ga shi nan ka yi haƙuri da shi. Kai za ka gina sautin da kanka, lamba bayan lamba, ka sa masa suna ka adana. Ana haɗa shi da ƙaramar fiyano ta waya. A gefen hagun fiyanon akwai wata 'yar taya. Ya danna madanni ɗaya ya riƙe, ya tura tayar da babban yatsa, sai muryar ta hau ta sauko ba yankewa.

Nan na ji hammata.

Abin da na duba ke nan, kuma shi ya kamata a duba: ko za ka iya gina sautinka, ko sautin yana lanƙwasa, ko za ka iya rungume abin a bayan a-kori-kura a hanyar Rogo. Mai shagon ya gaya min gaskiya biyu. Ya ce sautin da na gina wani ɗan batiri mai kamar kwabo ne ke riƙe da shi a ciki, in ya mutu komai ya tafi. Ya ce akwai wani kati da ake juye sautin a kai don ajiya, amma babu shi a shagonsa. Na neme shi a wannan zuwan da duk zuwan da na yi daga baya, ban taɓa ganin mai shi a Kano ba.

Da na sauke kayan a zaure Baba ya zagaya akwatin ya ce, "Shanun yayana ke nan?"

Na ce, "Su ne, Baba."

Ya ce, "To ina fatarsa?"

Rani guda muka yi a zauren nan. Bayan sallar asuba in tayar da janareta, shi ya zauna a buzunsa ya juya wa akwatin baya, don ya ce ido yana ruɗin kunne. Ku da kuke cewa dannawa ce, ku sani sauti kashi-kashi ne. Akwai kansa, lokacin da gula ta sauka a fata. Akwai cikinsa, amon icen da aka fafe. Akwai wutsiyarsa, yadda yake mutuwa. Akwai ɗan kurman kukan da fatar baya take yi in an bugi ta gaba. Kowanne da lambobinsa, kuma in ka taɓa ɗaya sauran su goce. In danna, ya ce, "Ƙwarya ce." In rage nan in ƙara can, ya ce, "Yanzu kuma tulu ne." Wani lokaci ya ce, "Wannan ai jaki aka taka wa wutsiya." Mafi yawa dai kalma uku ce: "Bai yi ba." Ban san iyakar yawan da na ji su ba. Bayan sautin kuma sai take. Zai rera min da baki, ni kuwa in bi da babban yatsa a kan tayar. Abin da hammatata ta kasa, yatsan ya yi.

Wata hantsi ina maimaita taken Ɗan'azumi sai ga mutumin da kansa ya faɗo zauren ba ko sallama, wuƙa a hannu, jini a riga.

"Baba Ilu! Hannu ya warke ne?"

Ya duba ya ga kalangu a rataye, ya ga ni a gaban akwati. Ya ce, "La'ilaha illallahu. Kai Sule, aljani ka sayo?"

Baba bai juyo ba. Ya ce min, "Bar shi haka. Kada ka ƙara taɓawa." Washegari da asuba ya ce, "Wutsiyar ta yi tsawo, rage ta." Haka muka ci gaba shekara da shekaru, yau a ɗan rage, gobe a ɗan ƙara. A duk tsawon lokacin nan bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi ba. Iyakar yabonsa shi ne ya yi shiru.

Fitarmu ta farko wani suna ne a Kafin Dafga. Tsarin aikina tun daga ranar bai canza ba. Janareta can nesa, inda iska za ta kwashe ƙararsa. Daga shi sai na'urar daidaita wuta, don janaretan ƙauye yana iya haukacewa. Sannan akwati a kan tebur a inuwa, sannan fiyano, lasifika a ƙarshe. Wajen kashewa a bi ta baya. Baba yana zama a damana da gularsa a hannu yana dukan gwiwarsa, ni ina bin dukan. Tanko sanƙiranmu, mai faɗar kirari da baki, yana tsaye a gaba. A ranar wani tsohon mahauci ya zo ya ɗaga zanen tebur ya leƙa ƙarƙashi, ya ce shi dai ya san akwai wanda aka ɓoye da kalangu. Da bai ga kowa ba ya ce, "To a yi na ubana in ji." Aka yi. Ya ɗaga sandarsa sama ya riƙe ta har aka gama.

Ba duka suka karɓa ba. Akwai wanda ya ce shi ba za a kira sunan ubansa da lantarki ba, kuma har ya mutu bai sake ra'ayi ba. Akwai malaman da suka ce da kalangun da akwatin duk hanya ɗaya za su kai mu. Amma yawancin mahauta suka dawo. Muka koma rumfar fawa, nama ya koma shigowa gida. Tsohon kalangun Baba kuwa duk inda za mu yana cikin jakarsa a kafaɗa, ko da yake ba mai kaɗa shi.

Sai muguwar shekara, a tsakiyar shekarun casa'in. Man fetur ya ɓace, sai wurin 'yan bumburutu, shi ma rabi kananzir. Shanu suka yi tsada, mahaucin da ke yanka sa ya koma akuya. Tsofaffin da suka san take suna ta mutuwa, 'ya'yansu kuwa abin rawa suke so. Wani Ɗanliti daga Kano, mai manyan lasifikoki da fiyano irin wadda na ƙi saya, ya fara cinye mana bukukuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba na zaginsa. Abin da ake so yake sayarwa.

Ana cikin haka da tsakiyar damina Alhaji Mamuda ya zo gidanmu. Shi ne babban mahautan Rogo Ruma, abin da ya ce shi sauran suke bi, kuma uban Baba ne ya yi wa ubansa Gambo take. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da ruwa da jiki, sannan ya gyara zama.

Ya ce, "Baba Ilu, zan aurar da ɗana. Yaran sun riga sun kira na Kano, ban hana su ba."

Baba ya ce, "Allah ya sanya alheri. Mu ba a kiranmu ai."

"Shi ya sa na zo da ƙafata. Sun tsaya a kan cewa daga bana a sallame ku, har kasuwa. Na ce a bari sai ranar. Bayan la'asar fili naku ne kafin na Kano su fara. Mahautan ƙasar nan duk za su zo. In aka yi taken mahaifina dattawa suka miƙe, ba yaron da zai ƙara ɗaga min murya a kanku. In ba haka ba, ni kaɗai ne, kuma na tsufa."

Baba ya ce, "Alhaji, taken Gambo ko a kabari aka yi shi sai ya motsa."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Kai dai a yi shi a fili tukuna."

Kwanakin da suka rage a kan taken nan muka ƙare su. Ban taɓa jin akwatin ya yi kyau kamar lokacin ba. Baba ya yi ta yin shiru.

Ranar bikin muka fita da safe a bayan a-kori-kura. Akwatin yana cikin bargo, bargon cikin leda, ledar a ƙirjina. Bayan mun wuce Rogo ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A wani rafi motar ta kafe, aka ce kowa ya sauka a tura. Wajen sauka ƙarfen motar ya yage ledar. Kafin mu kai gaci bargon ya zama tsumman wanki. Jarkar manmu kuma direba ya juye ta a tankinsa, don in ba haka ba a nan za mu wuni.

Aka sauke mu a wani zaure kusa da gidan biki. Da ɗan man da ya rage a janareta na gwada akwatin. Ya kama, sunayen sautina duk suna nan a gilashin, amma muryar tana shaƙewa tana yankewa. Na kashe nan take. Irin wannan na san maganinsa: a kwance murfi, a karkata shi ruwan ya tsiyaye, a bar shi. Na yi haka, na jingina shi a kan tabarma.

Na ce, "Baba, a bar shi ya sha iska. Zan koma Rogo neman mai."

Ya ce, "Wace iska? Iskar ma a jiƙe take."

"Zai bushe in Allah ya so. Kafin la'asar na dawo."

Ya ce, "Je ka."

Na ari keke. Laka ta sa rabin hanyar ni na ɗauki keken. Na samu man bayan na zagaya gari, na juyo. Tun daga bakin zauren na ji wari, irin na robar da ta ji wuta.

Baba yana zaune a gaban garwashin karan dawa. Ya sa Tanko ya kunna masa. Akwatin yana kan cinyarsa, buɗaɗɗen cikinsa yana fuskantar garwashin, yana juya shi a hankali da hannunsa mai lafiya, yana taɓawa da bayan hannu. Na rantse ko kalangun sarki ne ba za a yi masa fiye da haka ba. Ya jira harshen wutar ya kwanta. Bai kusanta shi da yawa ba. Duk ƙa'idar da ya koya min ya cika ta. Sai dai fuskar akwatin ta lotsa, maɓallan sun nutse, ɗan batirin nan mai kamar kwabo ya kumbura ya tsage, wani farin abu ya fito masa.

Ya ɗago kai ya ce, "Ka dawo? Ya bushe sarai. Ban yarda Tanko ya taɓa ba, da kaina na yi. Gwada shi mu ji."

Na zuba mai, na tayar da janareta, na bi tsarina ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Gilashin ya kawo haske. Inda sunan kalangu yake, wasu alamomi ne da ba na kowane harshe ba. Na danna, sai wani siririn fito. Na matsa gaba, sai huci kamar na tayar da ta sace. Na bi ma'ajiyar sautin tun daga farko har ƙarshe. Babu komai.

Baba ya ce, "Bai farka ba? A ƙara masa wuta?"

Tanko ya ce, "Sule, yi magana mana."

Na ce, "Baba, ba sanyi ba ne yanzu. Abin da ke ciki ne ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Ya goge. Duka."

Ya dubi akwatin, ya dubi garwashin. Can aka kira la'asar. Da muka idar ya jawo jakarsa ya fito da tsohon kalangun, ya nuna shi ga sauran garwashin har ya yi ɗumi, ya ce, "Tashi. Ni zan buga, kai ka matse."

Ban taɓa jin an yi haka ba, kafin ranar ko bayanta. Fili ya cika. Dattawan mahauta suna zaune a kan tabarmi a gaba, Alhaji Mamuda a tsakiyarsu, samari a baya sun jingina da lasifikokin Ɗanliti. Muka fito ba tebur ba akwati. Na rataya kalangun a hammatata na durƙusa, Baba ya tsaya a kaina da gula. Tanko ya ɗaga murya: "Gambo uban Mamuda, sa ya faɗi, wuƙa ta huta!" Baba ya sauke gula.

Dukan nasa ne, ba abin da ya rage. Amma kalangu mutum ɗaya yake so. In ya bugi inda murya za ta hau, ni ban matse ba tukuna. In na matse, ya riga ya wuce. Yana cewa a hankali, "Matse. Saki. Saki, na ce!" Abin da ke fita ba sunan kowa ba ne. Muka sake daga farko. Muka kuma sakewa. Daga baya wani ya yi tsaki, wani ya ce, "Yau kuma kalangun haɗin gwiwa ne?" Aka yi dariya, ba da yawa ba. Dariyar ba ta dame ni kamar dattawan ba. Ba wanda ya miƙe a cikinsu. Duk sun sunkuyar da kai suna kallon tabarma.

Alhaji Mamuda ne ya taso. Ya zo ya dafa hannun Baba mai gular ya ce a hankali, "Ya isa, Baba Ilu. Allah ya saka da alheri. A je a huta." Ba mu kai bakin zaure ba Ɗanliti ya danna fiyanonsa, fili ya ɗauka.

Ranar kasuwa ta gaba ba mu fita ba, ba kuma wanda ya aiko tambaya. Da yamma sai ga nama daga Rogo Ruma, cinya guda, Alhaji ya aiko. Baba ya ce a mayar. Matan gida suka yi ta ba shi baki. Ya ce, "Naman makaɗi na kiɗa ne. Mun yi kiɗa?" Aka mayar. Alhaji ya ƙara aikowa wani makon, aka ƙara mayarwa, daga nan ya bari. Kafin kaka mahautan Karaye ma sun sa rediyo mai kaset a rumfa. Tanko ya koma dillancin awaki.

Akwatin bai mutu ba. Na kai shi Kano, wani mai gyara ya sa masa sabon batiri, ya yi dabarar maɓallan. Ya dawo yana aiki lafiya, fanko. Lambobin da muka fara da su ina da su a ka. Amma abin da aka yi shekaru ana ragewa ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ba kan da zai riƙe shi. Wannan a kunnen Baba yake. Na ce ba komai, an yi sau ɗaya, za a sake.

Na jira aka gama girbi. Wata asuba na shimfiɗa masa buzunsa a zaure, na tayar da janareta, na ce, "Baba, a zo a fara." Ya zo ba musu. Ya zauna ya juya wa akwatin baya kamar da. Na sa lambobin farko, waɗanda na san ko kusa ba su kai ba, na danna sau ɗaya. Ni kaina na ji ƙwarya ce.

Ya ce, "Ya yi."

Na ce, "Baba, ban fara ba. Kan ne kawai, ban sa cikin ba."

Ya ce, "Ya yi, Sule. Ya yi kyau."

Na canza lamba da gangan, na ɓata shi har ya koma kamar ana dukan garwa. Na danna. Ya ce, "Wannan ma ya yi."

Na kashe lasifika, na kashe fiyano, na kashe akwati, na fita na kashe janareta. Baba ya rayu bayan wannan har damina ta zagayo, kuma bai ƙara taɓa gula ba. Ni na yi ta gwadawa ni kaɗai na wani lokaci. Wata rana in ji kamar na kusa, washegari in ji ba haka ba, kuma ba wanda zan tambaya. Daga ƙarshe na ajiye, na koma ba da hayar lasifika, sana'ar da kuka same ni a ciki.

Akwatin yana nan a shagon, a saman kanta, cikin bargo. Wanda ya ce dannawa ce kawai ya zo in haɗa masa, har man janareta ni zan zuba. Zai danna, sauti zai fito, abokansa za su ce ya yi. Ni ma in ya tambaye ni, abin da zan ce masa ke nan. Wanda zai ce masa bai yi ba yana maƙabartar gabas da gari.